Ganyen Gwaiba da Ƙafar Abba

Masu bibiyata, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ba doguwar gaisuwa, don a kan bencin asibiti nake rubuta muku wannan, kuma har yanzu raina bai huce ba. Waɗanda suka cika mini waya da "Ki amince da Manaja mana, me kike jira?" su matso kusa, da su nake.

Ga wanda yau ya fara shigowa, ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da shida, ina digiri na biyu a fannin ƙwayoyin cuta. Akwai ƙwayoyin da suka yi taurin kai, suka daina jin magungunan da aka saba kashe su da su. Aikina shi ne in tatso ruwan ganyaye da ɓawon itatuwa in gwada a kansu, ko Allah zai sa a dace. Wata takwas ke nan ina jiƙa ganyen gwaiba da ɓawon rumman a sinadari, ina tacewa, ina busarwa, har farcena ya rine. Manaja kuwa shi ne mai nemana. Yana da kamfanin haɗa turare, yaransa ne ke kiransa Manaja, sunan ya biyo shi har gidanmu. A ido ba shi da makusa, dogo ne, mai tsafta, ga iya gaisuwa. Goggo, yayar Abbana, ta daɗe da ba shi ni a zuciyarta, ni kawai ake jira in ce to.

Sai kuma Abba. Yana da ciwon suga, kuma wata biyu da suka wuce wani ɗan ƙurji a babban yatsansa na dama ya zama gyambo. Aka ɗebi ruwan ciwon aka gwada magunguna bakwai a kansa, shida ba su yi masa komai ba. Guda ɗaya tal ya ci, allura ce ta jijiya, safe da yamma har mako biyu. Aka sa masa kanula a hannu, wato ɗan bututun da ake zura allurar ta cikinsa, wata nas tana zuwa gida tana yi masa. Likita ya faɗa a gabana cewa in aka yi wasa da allurar nan, yatsan zai tafi, wataƙila har da ƙafar. Sai da na ga an fara, na ga ciwon ya fara tsotsewa, sannan na koma makaranta.

Ranar Asabar Manaja ya zo. Goggo ta yi ta ƙorafin ba na ba shi lokaci, wai na mai da shi kamar mai karɓar kuɗin wuta, a bakin ƙofa ake sallamarsa. Don haka da ya kira ya ce yana ƙasa, na ce ya hau ɗakin gwajinmu. Ya shigo cikin farin yadi mai guga kamar zai yanka hannu, agogo yana walƙiya, ƙamshinsa ya danne warin sinadarin da ke ɗakin. Ni kuwa ina cikin farar rigar aiki mai tabon kore a aljihu, mayafina a cuse cikin wuyan riga, ga safar roba a hannu.

"Dakta, yau dai a nuna mini abin da ya ƙwace mini ke," in ji shi.

Bari in yi muku bayanin abin da na nuna masa, don a nan komai ya lalace. Muna da ɗan faranti na roba mai murfi, faɗinsa kamar tafin hannu. Sai mu shafa ƙwayar cutar a ciki, a kan abincin da take so, mu ɗora 'yan ƙananan takardu masu zagaye, kowace mun ɗiga mata abin da muke gwadawa. Farantin ya kwana a akwatin ɗumi. Da safe ƙwayar ta tsiro ta rufe ko'ina, sai dai inda magani ya fi ƙarfinta, nan za ka ga fili fes ya zagaye takardar. Wannan filin muke aunawa da rula. Kuma ƙa'ida ce da ko ɗan aji ɗaya ya sani, a tsakiyar kowane faranti ana sa takarda ɗaya mai ɗauke da maganin asibiti na gaske, don a kwatanta. Ba naka ba ne, ma'auni ne kawai.

A farantin da na ɗauko, filin takardar tsakiya milimita ashirin da shida ne, daga bakin ƙofa ma za ka hango shi. Na ganyen gwaibata milimita tara, takardar kanta kuma shida ce. Wato sai ka kanne ido sannan za ka ga ɗan siririn abin da na samu a wata takwas.

"Irin wannan ƙwayar ce a ƙafar Abba," na ce masa. "Ka ga inda ya yi fili? Nan ta kasa tsirowa."

Ya sunkuya, idonsa ƙur a kan babban filin na tsakiya. "Ikon Allah. Wato ganyenki ne ya cinye ta haka?"

To, ga inda zan faɗi laifina, don ba zan wanke kaina tas in bar ku da rabin gaskiya ba. Na san wanne yake kallo. Na sani sarai. Amma yadda ya ɗago ya dube ni, kamar yau ya fara ganina, ya sa kaina ya fasu. Duk gidanmu babu wanda ya taɓa tambayata me nake yi, Goggo ma cewa take ina makaranta ina dafa ganye. Sai kawai na yi murmushi na ce, "Yana ɗan aiki." Kafin in ƙara wata kalma tukunyar gasa kayan aiki ta yi ƙara a ɗaki na gaba, na ruga in kashe. Da na dawo yana mai da wayarsa aljihu. Ban kawo komai a raina ba, na raka shi har mota.

Wani abu kuma, guruf ɗin danginmu na waya na daɗe da toshe masa baki. Kullum Goggo sai ta turo muryar wani yana wa'azin illar jinkirin aure, ta kuma rubuta sunana a ƙasa don kada in ce ban gani ba. Abba kuwa kullum da safe ina kiransa. "Yaya ƙafar?" "Da sauƙi, Auta." "Nas ta zo?" "Ki mai da hankali kan karatunki." Ni da nake taƙama da lura, ban lura cewa tambaya ta biyu ba ya amsa ta ba.

Yau Alhamis da misalin ƙarfe tara ina tsaka da auna faranti sai ga kiran Goggo.

"Likitar gida. Ashe haka kika iya ɓoye abu? Sai a bakin yaron kirki za mu ji?"

"Goggo ina kwana. Wane abu?"

"Maganinki mana. Har maƙwabta sun fara aiko da kwalabe. Ni dai na ce wa ubanki, namijin da zai ɗaga darajarki haka ba a ja masa rai."

Na cire safa na buɗe guruf. Saƙo ɗari biyu da goma sha huɗu. Na yi ta ja sama har na iso ranar Asabar, sai ga farantina, an zagaye babban filin na tsakiya da jan layi. A ƙasa Manaja ya rubuta: "Albishirinku. Dakta ta gano maganin ƙwayar da ta gagari asibiti, irin wadda ke ƙafar Abba. Ganyen gwaiba ne kawai. Kunya ce ta hana ta faɗa, ni na faɗa mata." Daga nan sai addu'o'i da hotunan tafi. Ranar Lahadi ga hoton kwalabe jere a kan teburin falonmu, kwalaben turarensa ne masu murfin zinare, cike da wani ruwa ruwan ƙasa. A jikin kowace an manna hotona, wanda na ɗauka ranar kammala digirin farko. Ranar Litinin Goggo ta rubuta: "Mun sallami nas. Huda ta isa haka, da magani a gida."

Ku taya ni gani don Allah. Mutumin da ko sunan ƙwayar bai iya faɗa ba, minti goma ya yi a ɗakin gwaji, ya fita ya zama mai ba da magani. Ganyen ma ba yadda nake tatsa ya yi ba, a tukunya ya sa aka tafasa. Kuma filin da ya zagaye da jan layi yana tallata ni da shi, na allurar da suka dakatar ne. Hoton da ya tura hujja ce cewa allurar Abba tana aiki, da shi aka kori nas.

Ban san sanda na sauko bene ba. Sai a cikin tasi na ga ashe da farar rigar na fito, rulata tana aljihu, farantin kuma na naɗe shi da leda na riƙo.

Na tarar da motarsa a ƙofar gida. A falo Goggo ta hakimce a kan doguwar kujera cikin leshi ruwan goro, Manaja yana ƙasa a kan kafet ya tanƙwashe ƙafa kamar ɗan gida, suna manna takardu a jikin sababbin kwalabe. Umma tana tsaye bakin ƙofar kicin, hannunta cikin zani, tana ganina ta sunkuyar da kai. Daga nan na gane ba da son ranta aka yi ba, amma Umma ba ta taɓa musu da Goggo ba tun da aka kawo ta gidan.

"Ga Dakta, ga Dakta," in ji Manaja yana washe baki. "Na so in ba ki mamaki ne."

"Ka ba ni. Ina Abba?"

"Ke, ba ki iya gaisuwa ba?" Goggo ta ce.

Na durƙusa na gaishe ta a gurguje, na wuce ɗakin Abba. Tun daga labule na ji abin da nake tsoro. An fesa turare har yana hawa kai, amma a ƙarƙashinsa akwai wani wari da duk wanda ya yi aiki da ciwo ya sani. Abba yana kishingiɗe, ƙafar a kan matashi, rediyonsa a kashe. Abban da ba ya rabuwa da rediyo. Inda kanula take a hannunsa saura ɗan tabon filasta. Na taɓa goshinsa, zafi rau.

"Auta, ke da makaranta?"

Na fara warware bandejin. An jiƙa auduga da ruwan ganyen an cusa. Ba zan kwatanta muku abin da na gani ba. Abin da zan ce kawai, yatsan ya yi duhu, ja kuma ya haura har tsakiyar ƙafa, wurin da ranar da na tafi lafiyarsa ƙalau.

Suka biyo ni ɗakin. Manaja ya leƙo ta kafaɗar Goggo ya ce, "Ai haka yake yi, dafin ne yake fitowa."

"Wa ya faɗa maka?" Na miƙe. "A ina ka karanta? Wa ka taɓa warkarwa?"

"Haba Dakta, ke fa kika nuna mini da hannunki."

Na zaro farantin na ɗaga shi saitin taga. Na sa yatsa a kan babban filin. "Wannan da ka zagaye, allurar asibiti ce, ita nas take yi wa Abba. Nawa ga shi nan a gefe." Na nuna ɗan siririn. Goggo ta matso, ta gyara tabarau, ta kanne ido.

"Ina? Ni ban ga komai ba."

"Shi ne ai, Goggo. Babu abin gani tukuna. Ko da ma ya yi fili babba, abin da ya yi aiki a faranti ba a zuba wa mutum a ciwo sai an yi shekaru ana bincike. Ni ko ɓera ban gwada wa ba, kuka gwada a kan Abba."

Manaja ya yi wuƙi-wuƙi, sai kuma ya sha mur. "Na tambaye ki, kika ce yana aiki."

Nan kam gaskiya ya faɗa. Na ce, "Na faɗa, kuma na yi kuskure. Amma ka kira ni kafin ka tura? Kwana biyar kana turo mini 'ya aiki, ya gajiya, kin ci abinci', ko sau ɗaya ka ce mini ka sa hotona a kwalba? Ka ce mini an cire wa mahaifina kanula?"

"Don in faranta miki na yi. Na ɗauka idan mun yi aure sai mu buɗe reshe, ke da magani ni da..."

"Reshe," na ce. Wallahi da ba a gaban Abba ba ne, ban san me zai fito daga bakina ba.

Goggo ta ja ni gefe, ta sassauta murya, irin sassautawar da ta fi tsawa ciwo. "Ke 'yar nan, ki rufa wa kanki asiri. Yaron nan ya gaya wa danginsa, ya gaya wa abokansa. Za a kai ubanki asibiti a hankali, ba sai kowa ya ji ba. In kika kunyata shi a bainar jama'a, wa kike tsammani zai sake tako gidan nan? Kuma ke ma sunanki ne zai zube, za a ce karatun naki na banza ne."

"Kwalba nawa aka fitar, Goggo?"

Umma ce ta amsa daga bakin ƙofa, karo na farko da na ji muryarta tun da na shigo. "Goma sha ɗaya. Har da mai ɗinkin bayan layi, ta karɓa wa mijinta, shi ma suga gare shi."

Na fito da waya, na buɗe guruf, na danna wurin ɗaukar murya. Na ce, "Assalamu alaikum, Auta ce. Ban gano maganin komai ba. Abin da ke cikin hoton nan allurar asibiti ce, ba ganyena ba. Ruwan da ke cikin kwalabe masu hotona ba magani ba ne, duk wanda ya karɓa ya zubar, wanda ya bar maganin likita ya koma yau. Ni na jawo, don an tambaye ni ban fayyace ba. Ku yafe mini, ku kuma tura wa duk wanda kuka tura wa na farko." Na saki, ya tafi.

Goggo ta riƙe haɓa tana salati. Manaja ya kaɗa makullin motarsa ya fice, ko "Allah ya ƙara sauƙi" bai ce wa Abba ba. Motar da na sa rai za ta kai mu asibiti ke nan. Umma ta yafa mayafi ta fita da kanta ta tsayar da tasi, ni da direban muka tallabo Abba.

A hanya na kasa haƙuri. "Abba, kai fa ka ji abin da likita ya ce. Kuma ƙafarka ce, ka fi kowa sanin ba sauƙi. Me ya sa kullum kake ce mini da sauƙi?"

Ya juya ya kalli taga. Sannan ya ce, "Tun ranar Talata na san ba ya yi."

"To me ya hana ka magana?"

"Hotonki ne a jiki, Auta. Duk dangi sun ce 'yata ta yi abin da ya gagari asibiti. In na ce a dawo da nas, ni ne na farko da zai ce maganin 'yata ba ya aiki." Ya gyara hularsa. "Na ce bari in ƙara masa kwana biyu, ko zai kama."

Duk fushin da na ɗebo tun safe, na Manaja, na Goggo, sai ya juyo ya zauna mini a ƙirji. Kalma uku na faɗa don a kalle ni da sha'awa na minti ɗaya, shi kuma ya ba da ƙafarsa don kada kalmomin su faɗi ƙasa. Na kifa kai a gwiwa na yi kuka har muka iso, yana ta bubbuga bayana kamar ni ce mara lafiyar.

Likitan bai yi faɗa ba, na ma fi so ya yi. Ya duba, ya tambayi kwana nawa aka tsallake, na ce uku da rabi. Ya dubi farar rigata, ya dube ni, ya ci gaba da rubutu. Aka mai da kanula, aka ɗaura allurar, aka ɗebi ruwan ciwon a sake gwadawa, don ya ce tsallaken nan yakan ba ƙwayar damar koyon jure wanda ya rage. Sannan ya zaro biro daga aljihu, ya zana layi a fatar Abba, ɗan sama kaɗan da inda jan ya tsaya.

"In ya tsaya a ƙasan layin nan, muna da magana," in ji shi. "In ya haura, sai na kira masu tiyata. Zan dawo ƙarfe shida."

Tun da na zauna wayata ba ta huta ba. Goggo ta turo murya har uku, ban buɗe ba. Manaja ya rubuto: "Kin wulaƙanta ni a gaban kowa. Ki goge, ki ba da haƙuri a guruf, in ba haka ba ki san inda maganarmu ta tsaya." Na karanta, na kife wayar. Mai ɗinki ta kira Umma ta ce ta zubar da nasu, wannan kaɗai ne ya ɗan sanyaya mini rai.

Ƙarfe biyu na zaro rulata na auna tsakanin jan da layin biro, kamar yadda nake auna faranti. Milimita tara. Ƙarfe huɗu na sake aunawa, Abba yana barci, Umma tana jan carbi a gefen gado. Bakwai.

Yanzu shida saura kwata. Abba ya farka, ya gan ni da rula a hannu, ya yi ɗan murmushi.

"Auna mana, Dakta," ya ce. "Amma wannan karon ki faɗa mini abin da kika gani."